Ramin Kumandan

Motar gwamnati ta farko da ta shigo garinmu a shekarar yunwa ba hatsi ta kawo ba. Muna bakin rijiya da hantsi muka jiyo gunjinta daga hanyar Mayahi. Mata suka saki guga, kowa ta ruga gida ta ɗauko ƙwarya, wata ma har da buhu. Damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ga shi bazara ta yi nisa. Anza muke jiƙawa mu ci, da ganyen jiga, gidajen tururuwa kuwa an tone su kaf don neman hatsin da suka tara. Sojoji ke riƙe da ƙasa a lokacin, kuma kullum saƙonsu ɗaya ne, wai taimako yana kan hanya.

Kamyon ya tsaya a gaban mangazar da a da ake tara gyaɗa. Aka fara sauke buhuna. Ɗaya ya huje, farin gari yana zuba ƙasa. Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta kutsa ta dumbuza ta kai baki. Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Farar ƙasa ce mai ci, kafin a kawo ruwa leɓenta ya saluɓe. Bayan buhunan aka sauke felu da diga. Daga ƙarshe aka mirgino manyan diloli, bakin ɗaya ya kwance, farin yadi ya leƙo.

Wasu matan suna ta tambaya ko tufafi za a raba. Ni ban tambayi kowa ba. Wankan gawa aikina ne, a hannun Inna na gaje shi, ita ma a hannun uwarta. Na san yadin da ake ɗinka wa mai rai, na san wanda ake naɗe mamaci da shi. Na kife ƙwaryata a ka na koma gida.

Inna tana kwance a inuwar rumbu. A wurina take zaune tun da ubana ya rasu, idonta ya yi rauni amma kunnenta da bakinta ba abin da ya taɓa su. Mijina ya tafi Najeriya neman abin da za mu ci, kamar sauran mazan gari masu ƙarfi.

Ta ce, "Na ji mota. Mi sunka kawo?"

Na ce, "Likkafani, Inna."

Ta ce, "Ba ko gishiri?"

"Babu."

"To madalla da masu mulki. Baƙon da ya zo ma da tabarma tun ba ka ce kana jin barci ba, ai ya san abin da ya sa ma a fura."

Ba a daɗe ba katafila ta zo. Ranar ce muka fara ganin irinta a garinmu. Ta wuce arewacin gari, ta shiga wata saura, ta wuni tana kwasar ƙasa, warin gazuwal ya cika unguwa. Da ta tafi sai ga rami, dogo, mai zurfin da namiji zai tsaya a ciki ba a ga hularsa ba. Ko alƙibla ba a duba ba wajen haƙarsa. Tsofaffi suka tsaya a bakinsa suna salati. Tun daga ranar ake kiransa ramin kumandan, ko da yake kumandan, mai mulkin yankinmu daga Mayahi, bai taɓa taka garinmu ba.

Wanda ya zo a madadinsa wani ma'aikaci ne mai riga gajeren hannu da alƙalami a aljihu. Aka tara mu ƙofar mai gari, maza a gaba, mu mata a bayan darni muna saurare. Hausarsa rabi ce, rabin Faransanci. Abin da na tsinta shi ne wai kada mu tsorata, wannan shirin ko-ta-kwana ne kawai. Wai a wasu wurare da mutane suka taru saboda yunwa ciwon amai da gudawa ya shiga, gawa ta yi yawa har aka rasa mai binnewa, to gwamnati ba ta son a kai ga haka a nan. Wai tsofaffin kusheyinmu sun yi kusa da rijiya, don haka daga yau an rufe su. Duk wanda ya rasu a kai shi sabon fili a ba shi yadi kyauta. In mutuwa ta yi yawa, ramin yana nan, farar ƙasa tana nan.

Mai gari ya gyara murya ya ce, "Mun gode. Hatsi fa?"

"Yana tafe."

Liman, wanda tsufa ya sa ba ya tsoron kowa sosai, ya ce, "Ɗana, rediyo ya ce ba yunwa a ƙasar nan. To wa zai cika wannan rami?"

Wani gardi da ma'aikacin ya zo da shi ne ya matso gaba ya gyara bindiga a kafaɗa, taro ya watse. Wannan gardi shi aka bar mana. Ƙato ne mai gashin baki, ba Hausarmu yake yi ba amma yana ji sarai. Shi ke riƙe da makullin mangaza, shi ke tsaron tsofaffin kusheyi kada a kai kowa.

A wurinmu ba a haƙa kushewa sai mai ita ya cika. Sai an rufe masa ido, an zaro kara daga darni an auna shi daga kai zuwa ƙafa, an karya karan daidai tsawonsa, sannan a miƙa wa masu haƙa. Kowa da ramin da aka haƙa don shi. In kuwa aka yi gaggawa aka haƙa, mai jinya ya farfaɗo, ba a barin ramin ya kwana baki buɗe. Kututture ake sawa a ciki a mayar da ƙasa, domin rami mai yunwa kira yake. Wannan ko yaron da bai yi kaciya ba ya sani. To ga rami an buɗe mana a arewacin gari wanda zai ci unguwa guda, an hana a rufe, an sa mai bindiga yana gadinsa.

Magana ta yi yawa a bakin rijiya. Wata ta ce farar ƙasar a rijiya za a zuba. Wata ta ce ƙanen mijinta ya ji a kasuwar Gidan Amumune an saye farin yadi duka daga Maradi har Tasawa, don kada talaka ya samu sai ta hannunsu. Wata ta ce allurar da za a zo yi wa yara ita ce za ta fara aikin. Ban yarda da duk abin da aka faɗa ba, mata in yunwa ta kama su bakinsu ba ya hutawa. Amma da hatsin ya zo daga baya, ɗan kaɗan, wata jar dawa ce mai tauri da ba mu taɓa gani ba, wadda a dā ko jaki sai ya shinshina ya juya. Duk gidan da aka ci, ciki ya ɓaci. Daga nan ko masu cewa a kyautata zato suka yi shiru.

Ni ido na sa. Hanyar rijiya ta gaban mangaza ta bi, kullum sai na ga gardin zaune a kan benci. Na lura ba 'yan mata yake kallo ba kamar sauran irinsa. Tsofaffi yake bi da ido, da yaran da cikinsu ya kumbura. In tsoho ya wuce yana dogara sanda, sai ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

Wata rana ya kira ni. "Ke, madam. An ce ke ce mai wanke matattu."

Na tsaya da tulu a ka, ban sauke ba.

Ya ce, "An ba da oda a yanka yadin nan a ajiye. Na manya daban, na yara daban, don in abu ya zo kada a tsaya ɓata lokaci. Za a ba ki tiya ɗaya ta dawa."

Na ce, "Na yara?"

"Na yara."

"To nuna mani ɗan da zan fara aunawa. Na gidan wa? Ka faɗi sunan uwarsa in je in gaya mata."

Ya ce, "Ke ba ki da kai ne? Ba wanda aka ce ya mutu. Shiri ne."

Na ce, "Wanda ya shirya, ya san abin da ya shirya. Ni ba na yanka likkafanin mai numfashi."

Ya tofar da yawu ya ce da ni baƙauya. Na ce na gode, a ƙauyen aka haife ni, a nan kuma za a binne ni, ba a kwalbati ba. Na wuce. Dawar nan tiya ɗaya da ta kai mu kwanaki, na sani, kuma har na isa gida ina jin nauyinta a zuciya.

Inna tana da likkafaninta tun da daɗewa. Da hannunta ta kaɗa zaren, masaƙin garinsu ya saƙa mata, ta naɗe ta ajiye a ƙasan tukunya da ɗan turare. Mutum ya ajiye likkafanin kansa, wannan tsoron Allah ne. Wani ya ajiye maka naka a mangaza da makulli, wannan jiranka yake. Sai dai a farkon yunwar, da ƙaramar ɗiyata ta kwanta, Inna ta sa na fiddo shi aka kai kasuwa aka musanya da dusa. Na ƙi, ta zage ni tas. Ta ce, "Gawa ba ta jin sanyi, ke ko ɗiyarki tana jin yunwa." To ga shi yanzu ba ta da ko ƙyalle, farin yadin da ya rage a garin duka yana hannun gardi.

Ita ma ta san da haka. Tun da aka haƙa ramin ta daina barin a kwantar da ita kanta yana arewa. Abinci kuwa, in na ba ta ɗan kunun dusa sai ta kurɓa sau ɗaya ta tura wa jikokinta, ta ce ta ƙoshi. Ƙafafunta suka kumbura. Wata rana da la'asar ta kama hannuna, ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Ta ce, "Ke, saurara. Na wanke matan garin ga tun ba a haife ki ba. Ba wadda na bari ta tahi da datti. Ba za a zuba ni rami ɗaya da kowa da kowa ba, a watsa mani hoda kamar mushen jaki."

"Ba za a yi ba, Inna."

"Gindin aduwa, kusa da ubanki. Ƙannenki ukku na nan wurin. Can nika so."

Na ce, "An hana, Inna. Akwai bindiga."

Ta ce, "Na ji. Ni ban tambaye ki abin da anka hana ba."

Na ɗauki alkawari. Ban san ta yadda zan cika shi ba, ba namiji a gidan, ba yadi, ba ko sisin da zan ba wani.

Liman ya zo duba ta. Shi da Inna taubasai ne, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Ya zauna bakin ƙofa ya ce, "Ke tsohuwa, har yanzu kina nan? Kumandan ya yi maki gida mai faɗi kin ƙi tarewa."

Inna ta ce, "Kai zan jira ka fara shiga ka share. Ai kai ne ba ka da nauyi, ko iska ta kai ka."

"Ni na fi ƙarfin ramin da ba alƙibla."

"To ka ji da kyau, mai kan ƙwarya. In ka yi mani salla a bakin ramin can, kullum sai na zo maka cikin barci."

Ya yi dariya har da tari. Da zai tafi na raka shi zaure, dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Ɗiyata, kwana ya ƙare. Ki shirya." Na gaya masa alkawarin da na ɗauka. Ya ce Allah ya kai mu.

Da hantsi Inna ta cika, ina ɗiga mata ruwa a baki. Na rufe mata ido, na ɗaure haɓa, na miƙe ƙafafun. Ban yi kuka ba, aiki yana gabana. Na zaro kara daga darni na auna ta, ta koma 'yar ƙarama kamar yarinya. Maƙwabciyata mai ƙonannen leɓe ta kai karan gidan liman ta bayan gari. Tsofaffi biyu da wani makiyayi da shanunsa suka ƙare suka zagaya ta cikin gonaki da dagi da fartanya, suka fara haƙa a gindin aduwa.

Muka wanke ta ni da maƙwabciyar, da ruwan ganyen magarya, dama kafin hagu, yadda ta koya mani. Na tsefe mata kai na raba furfurar. Da muka gama muka tsaya muna kallon juna, ba abin rufawa.

Mai gari ya yi sallama a zaure. Ya yi mani gaisuwa, sannan ya sassauta murya. "Ki yi haƙuri ki je ki amshi yadin. Ba ramin za a sa ta ba, gefe za a haƙa mata nata ita kaɗai a sabon fili. Na yi magana da gardi."

Na ce, "Ranka shi daɗe, gefen ramin da cikin ramin duk gidan kumandan ne."

"Ni za a kama, ba ke ba."

"Kai ma ita ta wanke uwarka."

Ya juya zai fita sai ga liman ya shigo kai ba rawani, 'yar hula kawai, sanƙonsa yana ƙyalli. Ban taɓa ganin kansa haka ba tun da nake. Rawanin yana hannunsa a naɗe, fari, ya sha wanki har ya yi laushi.

Ya ce, "Na ajiye shi don kaina. Amma ta riga ni, kullum sai ta riga ni, ko a cin tuwo. Ki yanka."

Rawanin liman dogo ne amma ba faɗi. Na yanka shi gida-gida, muka harhaɗa da zare, ya ba da zane da mayafi da ɗan kallabi. Da kyar ya rufe ta. Da Inna tana da jikinta na da, da bai isa ba.

Bayan azahar aka yi mata salla a ƙofar gida. Mazan da suka rage a gari ba su cika sahu biyu ba, duk masu furfura. Huɗu suka ɗauki makara suna tangaɗi, gawar ba nauyi amma su ma ba ƙarfi. Mata ba sa bin gawa, ni ma ban taɓa bi ba duk yawan waɗanda na wanke. Ranar na tsaya a bakin zaure ina kallon bayansu, sai na hango gardin. Yana tsaye daidai inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi arewa wajen rami, ɗaya ta gangara wajen aduwa. Bindigar ba a kafaɗa take ba, a hannu take.

Masu makara suka tsaya. Na ga mai gari yana magana yana nuni da hannu, gardin yana girgiza kai yana nuna arewa da bakin bindiga. Na ga tsohon da ke gaban makara ya fara karkata ƙafarsa wajen arewa.

Na zaro wani kara daga darni, dogo, na fita ko mayafi ban gyara ba. Matan unguwa suka biyo ni daga nesa. Na ratsa ta tsakanin mazan, liman yana cewa "ke, ke," ban tsaya ba sai da na isa gaban gardin.

Ya ce, "Koma gida. Oda oda ce."

Na durƙusa na kafa gindin karan a ƙasa kusa da takalminsa, na miƙe ina bin jikinsa da shi, gwiwa, ƙugu, kafaɗa, har karan ya wuce hularsa. Na sa babban yatsa daidai tsakar kansa.

Ya ja da baya. "Mene ne haka? Me kike yi?"

Na ce, "Shiri ne. Ba wanda ya ce ka mutu."

Wata daga cikin matan ta ce la'ilaha. Kowa a nan ya san abin da kara yake nufi a jikin mutum, shi ma ashe ya sani, duk inda aka haife shi ana binne mutane. Fuskarsa ta canza. Ya kai hannu zai fizge karan, na janye.

Na ce, "Tsaya in karya daidai tsawonka. Kai dogo ne, kada a zo ana ɓata lokaci. Sai in kai mangaza a ajiye maka tare da yadinka."

Na kama karan da hannu biyu a inda yatsana yake.

Ya ce, "Kada ki karya." Muryarsa ta sauka, ba irin ta benci ba. "Ke mayya ce? Ina da 'ya'ya."

Na ce, "Ita ma tana da su. Uku suna gindin aduwar can suna jiranta."

Ba zan ce ban ji tsoro ba. Bakin bindigar yana daidai cikina, ina ganin yatsansa. Muka tsaya haka, ni da kara shi da ƙarfe, rana tana dukanmu, ƙudaje sun fara bin makara. Can sai ya zagi uwata, wadda ke kwance a bayana cikin rawanin liman, ya zagi garin da mutanensa, ya ce duk sai mun gane kurenmu. Yana zagin yana matsawa gefe. Liman ya ce da masu makara, "Bismillah," suka gangara.

Ban bi su ba, nan ne iyakata. Na tsaya a mararrabar da karan a hannu ban karya ba, ban kuma yar ba, shi yana gefe guda ni ina gefe guda, har na hango ƙura ta tashi a gindin aduwa, alamar ana mayar da ƙasa. Sannan na koma gida na soke karan a darni inda na zaro shi. A lokacin ne kukan ya zo.

Abin bai tafi a banza ba. Aka kira mai gari Mayahi, aka zaunar da shi a rana gaban ofishin kumandan wuni guda ba ruwa, dattijo mai jikoki. Da ya dawo ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsa ba. Da aka zo rabon dawa na gaba, na miƙa ƙwaryata, gardin ya sa ƙafa ya ture ta, ya ce gidan mayu ba ya cikin rabo. Maƙwabciyata ce ta riƙa raba nata biyu, tana ba ni tana mita, wai ni da bakina za mu kashe ta kafin yunwa. Shi kuwa gardin, har aka ɗauke shi daga garin bai ƙara bi ta gaban darnina ba, sai ya zagaya ta bayan masallaci.

Kafin ruwa ya sauka ƙyanda ta shigo. Yaran da yunwa ta riga ta cinye ba su da abin tsayawa. A nan aka buɗe mangaza, kuma da yadin nan na naɗe su, ba zan ɓoye ba, don rawani ɗaya liman yake da shi. Sabon fili aka kai su. Amma kowane yaro sai da aka auna shi da karansa, tsofaffin nan suka haƙa masa tasa kushewar da hannu, ko da za su wuni suna yi suna hutawa. Ba a sa ɗan kowa a ramin kumandan ba. Farar ƙasar ta daskare a buhunanta.

Daga baya na ji masu ilimi suna cewa ai ga shi gwamnati ta yi hangen nesa, da ba a kawo yadin ba da yaya za a yi. Har wani jikana da ya yi lakwal, wato boko, ya taɓa faɗa mani haka, wai kowace ƙasa tana irin wannan shiri. Na ce da shi ya tashi daga tabarmata. Wanda ya hango mutuwarmu tun daga Yamai, har ya san yara za su fi yawa, idonsa bai hango rumbunanmu ba? Motar da ta ɗauko diga da ta ɗauko gero, ai hanya ɗaya ce. Sun zaɓi wadda za su fara turowa, mu kuma mun gani.

Ramin yana nan, rairayi ya cinye rabinsa. Bayan an ɗauke gardin tsofaffi suka mirgina kututturen gawo suka jefa a ciki, suka watsa ƙasa a kai. Har yau ba mai noma saurar, ni ko akuyata ba na bari ta yi kiwo a can.

Inna tana gindin aduwa, ubana a damanta, ƙannena a wajen ƙafafunta. Akwai ɗan fili a hagunta, na nuna wa 'ya'yana shi tun da sauran idona. Yadina yana ƙasan tukunya, da kuɗin akuyata na saya, ba wanda ya riƙe mani makullinsa.